Matar da Malam Ya Sa Ta Bi Wata

Malaminmu, Allah Ya ƙara masa yarda, Ya haskaka makwancinsa, kogi ne a fiƙihu da tafsiri, mai tsantseni da gudun duniya, wanda harshensa bai saba da komai ba sai zikiri. Kuma Allah Ya hore masa sanin tafiyar rana da wata, har idan ya ɗaga kai ya dubi sama sai ka ga hawaye a gemunsa. Abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da idona na gani, domin a kan ƙanwata ya faru, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ɗanta na fari ya rasu yana rarrafe, tun daga ranar kuwa bakinta ya mutu. Tana girki, tana salla, amma ko "sannu" ba ta ce wa kowa. An je asibiti, an ce ba a ga komai ba. Na kai ta gaban Malam, rahimahullahu, ina sa ran doguwar addu'a, sai kawai ya ce mata a hankali: "'Yata, jiya wata ya tsaya. Ki bi mini shi har ya ƙare. Ki san inda yake fitowa, da inda yake faɗuwa, da yadda yake cika yana raguwa."

Gidan da suke haya bene ne, samansa fili ne na siminti, da tankin ruwa da igiyoyin shanya. Nan ta riƙa hawa bayan magariba. Mijinta kuwa, mai gyaran lantarki, mutum ne mai zargin tsiya, irin wanda in ka gaishe shi sau biyu sai ya tambayi abin da kake nema. Ya fara laɓewa a ƙofar matakala yana leƙenta. Da farko yamma take duba, ta saman garejin motoci, bai damu ba. Amma kullum fuskarta sai ta ƙara karkata, kaɗan-kaɗan, har ta koma gabas sosai; a gabas ɗin kuwa akwai wani bene, da wani gwauro mai kiwon tantabaru a samansa. Shi ke nan, Shaiɗan ya sami wurin zama.

Ya tare ni a bakin masallaci, ido jajir. "Yaya, wallahi akwai magana. Ni ba ta ce mini uffan, amma kullum tana can tana kallon gidan mai tantabaru."

Na ce, "Wata take kallo, bawan Allah! A gabana Malam ya sa ta."

"To me ya sa ta sake lokaci? Da ta gane ina bibiyarta, ta daina hawan magariba, ta koma hawan safe. Jiya har rana ta fito tana sama. Wata da hantsi, Yaya? Ni za a mayar yaro?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ke wuni a kan tsani, bai taɓa ɗaga kai ya ga cewa wata in ya wuce cika yana makara wajen fitowa, har rana ta same shi a sama ba! Na yi masa bayani, ya ce dama ai dole in rufa wa ƙanwata asiri. Ana cikin haka hadari ya rufe sama, kwana da kwanaki ba rana ba tauraro, ita kuwa ba ta fasa hawa ba. Wannan ya ƙarasa shi: in babu wata, me ake kallo? Na tabbata sakinta zai yi, kuma saki da irin wannan zargi, a kan matar da ba ta iya buɗe baki ta kare kanta, tabo ne har kabari.

Ya zo majalisin Malam bayan la'asar, ya zauna can baya, bai gaya wa kowa abin da ya kawo shi ba. Malam, Allah Ya tsarkake sirrinsa, ya rufe littafi, bai ko dube shi ba ya ce: "Mai lantarki, kalmar da ke bakinka, riƙe ta zuwa asuba. Ka hau, ka tsaya bayanta, ka dubi inda take duba." Sannan ya ɗaga hannu, leɓunansa suka motsa kaɗan, ya shafa.

Bayan sallar asuba muka hau tare, ni da mijin. Hadari baƙi ƙirin, ko'ina a toshe. Tana tsaye gefen tanki, fuskarta gabas. Kamar da gayya, sai ga mai tantabaru ya fito da kwanon hatsi yana buɗe akurki. Na ji surukina ya ja numfashi, ya matsa gaba, ya ce, "Ke! Na..."

Wallahi bai ƙarasa ba hadarin nan ya tsage, wuri ɗaya tak, faɗinsa bai fi faranti ba, can sama da kan mai tantabaru, daidai inda idonta yake kafe tun kafin ya buɗe. Ga wata a ciki, siriri kamar yankan farce. Ta ɗaga yatsa, muryar da muka fid da rai da ita ta fito a dishe: "Maigida, ga shi can. Jiya ma nan yake, hadari ne ya rufe. Gobe ba za a gan shi ba, amma yana nan." Ta juyo tana hawaye ta ce, "Yarona ma yana nan wurin Ubangijinsa, ko?"

Mijin ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Yana nan. Ki yafe mini." Ta ce, "Me ka yi mini?" Har yau ba ta sani ba, ni kuma ban gaya mata ba. Hadarin ya haɗe, ruwa ya sauko, muka sauka a jiƙe.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ƙaddara wa wata masaukansa, Ya kuma karrama bayinSa salihai da abin da Ya so. Ya Allah, Ka jiƙan Malaminmu, Ka ɗaukaka darajarsa, Ka ba mu albarkacinsa, Ka tsare zukatanmu daga mummunan zato ga waɗanda ba su iya kare kansu. Amin.