Yaƙin da Kadoji Suka Kai Tudu

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu saurare ta, Kaka.

To, a gyara zama, a daina motsi, domin wannan ba ta dariya ba ce.

A zamanin da, akwai amana tsakanin kadoji da namun tudu. Kowace safiya namun tudu sukan sauko mashaya, kada yana kwance ba ya taɓa kowa.

Wata shekara aka yi ruwa mai yawa, kogi ya tumbatsa ya shafe fadama. Sarkin Kada, mai suna Gagare, ya tara jama'arsa, ya ce: "Ga ruwa ya hau tudu. Gobe mu ma za mu hau, mu cinye ƙasar duka."

Ƙanwarsa Larai tana da 'ya'ya uku, dukansu mayaƙa. Ta ce: "Yaya, amanar fa?"

Ya ce: "Amana ta mai jin tsoro ce. Kawo mini 'ya'yanki su shige gaba."

Ta ba shi, amma ta bi su.

Da safe namun tudu suka sunkuya shan ruwa, sai kogin ya tashi gaba ɗaya. Kadoji ba iyaka. Kafin hantsi, mashaya ta yi ja.

Waɗanda suka tsira suka taru wajen Zomo. Zomo ya ce: "Kada kowa ya tsaya faɗa. Mu bar garuruwanmu, mu cike kowace rijiya da ƙasa, mu yi ta hawa tudu."

Barewa ta ce: "Tsofaffinmu fa, me za su sha?"

Zomo ya sunkuyar da kai. Aka cike rijiyoyin.

Kadoji suka ci gari na fari, ba kowa a ciki. Ruwa iya kafaɗa. Zomo ya leƙo daga kan suri, ya ce wa Gagare: "Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Naman yana gaba kaɗan."

Larai ta ce: "Yaya, ruwa yana ja. Mu juya."

Gagare ya ce: "Ruwa barana ne. Tun da aka haife ni, ban taɓa zuwa inda bai biyo ni ba."

Suka ci gari na biyu, ba kowa a ciki. Ruwa iya ciki. Zomo ya ce: "Ranka ya daɗe, na ga baranka yana ɗingishi. A jira shi ne?"

A nan babban ɗan Larai ya kafe cikin taɓo. Ya ce: "Kawu, ka sa a ja ni." Gagare ya ce runduna ba ta tsayawa saboda mutum ɗaya. Aka bi ta kansa aka wuce.

Suka ci gari na uku. Babu ruwa ko na jiƙa farce. Damina ta ɗauke, rana ta buɗe. Taɓon da ya manne a gadon bayansu ya bushe, ya tsage, fatarsu ta tsage tare da shi. Ɗan Larai na biyu ya tona rijiya har ƙarfinsa ya ƙare, bai sami komai ba sai ƙasa. A cikin ramin ya mutu.

Wannan karon Zomo bai yi ba'a ba, domin uwarsa ma ƙishirwa ta kashe ta a hanya. Kurum ya dubi giwayen da ya sa su jira a kan tudu, ya ce: "Yanzu."

Giwaye suka gangaro. Kadojin da ke iya ja da bijimi a cikin ruwa suka kasa ko juyawa. Gagare yana kiran ruwa, yana ba shi umarni, har ƙafar giwa ta sauka a kansa.

Larai ta goya autanta, wanda ya rage mata, ta kama hanyar kogi tana jan ciki. Tana tafe tana ce masa: "Ka ji ƙanshin ruwa? Mun kusa." Da fari yana amsawa. Daga baya ya daina, ita kuwa ba ta daina faɗa ba. Da ta isa gaɓa ta sauke shi, ta tura hancinsa cikin ruwa. Bai sha ba.

Ta kwanta a kan yashi, ta buɗe baki za ta kira sunayensu, murya ta ƙi fita.

Wannan shi ne dalilin da ya sa bayan kada yake a tsattsage kamar busasshen taɓo, kuma ba ya nisa da ruwa. Shi ya sa kuke ganinsa a gaɓa, baki buɗe, ba ya cewa komai. Amana kuwa ba ta dawo ba: har yau barewa ba ta shan ruwa sai tana rawar jiki. Wanda ya fara yaƙi bai san inda zai ƙare ba, kuma 'ya'yan wasu ne ke riga shi mutuwa.

Ƙurunƙus, kan busasshen kada. A tashi, a je a sha ruwa.