Motar Kurege Mai Tsiyayar Zuma

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Wani Kurege ne ana ce masa Ɗan-Asabe, shi da matarsa Tabawa, gidansu yana can gindin tudu. Kurege dai kun san shi: ga wayo, ga rowa, ga son banza. In ya sayi gishiri sai ya roƙi gyara, in aka ba shi gyara sai ya nemi gyaran gyara.

Tabawa kuwa manomiya ce ta ƙwarai. Kowace kaka takan zaɓi gyaɗa mafi ƙwari, ta zuba a ƙaramin rumbu, ta liƙe bakin da laka. Wannan ita ce iri. Ko yunwa ta kai ina ba a taɓa ta, don ita za a shuka in ruwa ya sauka, ita ce abincin gidan na baɗi.

Ana nan, ana nan, sai son mota ya shiga ran Kurege. Ya kwanta mota, ya tashi mota. Rannan ya hau tudu ya nufi kasuwar motoci.

To, kasuwar nan tana da al'adarta. Duk mai sayen mota ta hannu, a tsakiyar kasuwa yake ciniki, gaban Sarkin Dillalai, wani tsohon Kunkuru. Biri bakanike ya buɗe murfin inji ya duba. Sannan mai saye ya raba goro, duk wanda ya ci goron nan ya zama shaida. In daga baya wani aibi ya fito wanda mai sayarwa ya ɓoye, sai a mayar masa da motarsa, shi kuma ya mayar da abin da ya karɓa, ba gardama.

Da Kurege ya ji haka sai ya kama haɓa, ya ce, "Goro? Ni in sayi mota, wasu su yi jan baki? Allah ya kiyaye!"

Ashe Dila mai motoci yana kusa, ya ji shi. Ya yafito shi, ya ja shi bayan kasuwa, can bakin gangara inda ba kowa. Ya ce, "Ɗan-Asabe, ni da kai ai ba ma buƙatar shaida. Shaida ta baƙi ce. Zo ka ga kaya."

Kurege ya ga mota ja wur, fenti sai ƙyalli yake yi. Dila ya shafa ta, ya ce, "Wata tsohuwa ce ta hau ta, ita ma sai ranar Juma'a." Ya murɗa makulli, ya zagayo ya ɗan bubbuga murfin inji. Sai mota ta ce, zuuu.

"Ka ji inji?" in ji Dila. "Kamar ana raɗa."

Kurege ya kai hannu zai ɗaga murfin, Dila ya buge hannun. "Kul! Injin ƙasar sanyi ne. In iskar nan ta buge shi sai ya yi mura."

Suka yi ciniki a kan gyaɗa. Wace gyaɗa kuwa Kurege ke da ita in ba ta rumbun Tabawa ba? Ya jira ta tafi barkar haihuwa, ya fasa laka, ya kwashe iri tas, ya kai wa Dila. Ya shiga mota ya kama sitiyari, Dila ya ɗan tura ta, mota ta gangara, zuuu, ba ta tsaya ba sai ƙofar gidan Kurege. Ya fito yana baza wutsiya, wai shi ya yi wa 'yan kasuwa wayo.

Tabawa ta dawo ta ga mota, ta leƙa rumbu ta ga wayam. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta zauna a bakin rumbun, ta ce, "Maigida, irin ka kai?"

Ya ce, "Haba Tabawa, gobe zan fara jigila da ita, kafin ruwa ya sauka na cika miki rumbu biyu."

Ta dubi gabas, inda hadari ya fara haɗowa, ta ce, "Allah ya sa." Ni dai tausayin matar nan nake ji har yau.

Gari ya waye, Kurege ya murɗa makulli, mota ta ce zuuu, ba ta motsa ba. Ya taka wannan, ya ja wancan, ya roƙe ta, ya zage ta. Zuuu, ba ta motsa ba. Ya hau tudu da gudu, ya tarar da Dila a kishingiɗe yana ɓare gyaɗa.

"Alhaji, motar da ka sayar min ba ta tafiya."

Dila ya watsa gyaɗa a baki, ya ce, "Wace mota? Wa ya gani? Wa ya ji? Wa ya ci goro?"

Kurege ya ruga wurin Sarkin Dillalai, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kwashe labari ya faɗa. Kunkuru ya fito da kai a hankali, ya dube shi, ya ce, "Ɗan-Asabe, na tausaya maka. Amma wa ya gani? Wa ya ji? Wa ya ci goro?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To, hannuna a ɗaure yake. Sai fa in shi mai sayarwa ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a." Ya mayar da kai cikin ƙoƙonsa.

Kurege ya gangaro gida yana jan wutsiya a ƙasa. Kunya ta ishe shi, ya kasa haɗa ido da matarsa. Ya zauna jikin mota ya yi tagumi. Can sai Tabawa ta fito da tsintsiya, ta tsaya, ta kasa kunne.

"Maigida, ina makullin motar nan?"

"Ga shi a aljihuna."

"To wace irin mota ce makulli yana aljihunka, ita kuma tana ta kuka?"

Kurege ya yi zumbur. Ya manta da murar inji, ya ɗaga murfi kaɗan ya leƙa, ya saki da sauri. Babu inji ko na magani! Amya ce Dila ya ɗaure a gurbin, ƙudan zuma cike da ita, su ne masu zuuu. Tabawa ta ɗebo busasshen kashin shanu ta yi hayaƙi, ƙudan suka lafa, suka buɗe sosai. Sai ga saƙa jere, zuma tana ɗiga. Shi kansa Dila bai san ƙudan nan sun yi aiki haka ba, don tun da ya ɗaure su bai ƙara leƙawa ba.

Kurege ya lasa, ya lumshe ido, ya ƙara lasa. Ya ce, "Tabawa, anya ba mu haƙura da motar nan ba?"

Ta ce, "Zuma ake shukawa?"

Ya dubi rumbu, ya dubi hadari, ya dubi zuma. Sai kunnuwansa suka miƙe. Ya ce, "Wanke min babbar ƙwaryar nan. Sarki ya ce sai ya faɗa da bakinsa, ko? To, zai faɗa."

Ranar kasuwa, kasuwa ta cika maƙil, sai ga Kurege da ƙwaryar zuma a ka, ya sha babbar riga, yana tafe yana kirari: "Ku taya ni godiya! Jama'a, ku taya ni godiya!" Ya dire ƙwarya a gaban Kunkuru, ya ce kowa ya zo ya lasa. Kurege da kyauta? Kasuwa ta watse ta dawo kansa, har masu ciniki suka bar cinikinsu. Biri ya lasa, ya ce, "Ɗan-Asabe, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau! Mota na saya, Allah ya tarfa wa garina nono. Tafiya ce kawai ba ta yi, amma kowace safiya in na tara ƙwarya a bakin salansa, zuma ce ke tsiyaya har ta cika. Ku taya ni godiya!"

Ya hango Dila yana leƙe daga baya. Ya tafi har gabansa ya durƙusa, ya miƙa masa ludayi cike. "Alhaji, ka yafe ni. Rannan na yi maka ƙazafi, na ce kai ka sayar min. Ka ce ba kai ba ne, kuma gaskiyarka. Ruɗewa na yi. Yanzu bawan Allahn nan da ya sayar min nake nema in yi masa godiya. Mutumin kirki! Ya karɓi 'yar gyaɗa ya ba ni arzikin da har jikokina za su ci."

Dila ya lasa. Zaƙi ya ratsa shi har wutsiya. Ya ce a ransa, kowace safiya? Ƙwarya guda? Ya haɗiye yawu ya daure.

Kurege ya juya ga jama'a. "Ku taya ni godiya! Tun da ba a san mai ita na farko ba, ai ba mai cewa komai. Gobe ma zan sa a gina mata ɗaki."

Nan fa Dila ya kasa daurewa. Ya yi tsalle ya dira tsakiyar fili, ya ce, "Ƙarya kake yi! Ni na sayar maka! Kuma mota na sayar maka, ban sayar maka da ƙudan zuma ba. Amyar tawa ce, ni na cire injin, ni na ɗaure ta a gurbin da hannuna!"

Baki dai shi ke yanka wuya.

Kunkuru ya fito da kai a hankali, ya fito da wuya, har sai da aka ga tsawon da ba a taɓa sanin yana da shi ba. Ya ce, "Alhaji Dila, kunnena ya tsufa. Maimaita."

Dila ya fara ja da baya. Kunkuru ya dubi jama'a, ya ce, "Wa ya gani?"

Suka ce, "Mu!"

"Wa ya ji?"

"Mu!"

"Wa ya ci goro?"

Sai Biri ya lashe yatsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, goro dai ba mu ci ba, amma mun sha zuma."

Kunkuru ya ce, "Ta wadatar." Ya yanke hukunci nan take: Dila ya mayar da gyaɗar Tabawa, abin da ya riga ya ci ya cika daga rumbunsa, sannan ya je ya ɗauko motarsa da amyarsa, ya turo ta tudu shi kaɗai.

Da aka ambaci amya sai kwaɗayin Kurege ya motsa. Ya buɗe baki zai ce a bar masa ko rabinta, sai ya hango Tabawa a gefen fili ta zuba masa ido. Ya haɗiye maganar, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Wannan godiyar kuwa ta gaske ce, har da ƙwalla.

Dila ya kawo gyaɗa, ya gangara ɗaukar mota yana ta sauri, zuma ce kawai a ransa. Ko hayaƙi bai tsaya yi ba, ya wangale murfin inji. Zumar kuwa Tabawa ta riga ta tatse, 'yan kasuwa sun lashe. Abin da ya rage ƙudan ne, masu ita, kuma ransu a ɓace. Suka ce, zuuu! Ai kun san zuma, ga zaƙi ga harbi. An ce ranar Dila ya hau tudun nan da gudun da motar ba ta taɓa yi ba tun da aka ƙera ta.

Kurege kuwa ya koma kasuwa ya sayi goro da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya kai wa Kunkuru, ya kai wa Biri, ya bi jama'a yana rabawa yana godiya. Gaskiya dai goron ƙwaya ɗaya ne, ya yayyanka shi siri-siri har ana hango rana ta ciki. Amma daga hannun Kurege, kowa ya karɓa ya sa albarka.

Bai kai gida ba ruwa ya ɓarke. Da aka ɗauke, suka fita gona, yana sara tana jefa iri tana rufewa da ƙafa, ƙasa tana ƙamshi. Can tsakiyar kunya Kurege ya tsaya, ya jingina da sungumi, ya ce, "Tabawa, ba don kunnenki ba, da bana mun ci makullin mota. Na gode. Allah ya bar mu tare."

Ta ce, "Amin, Maigida." Ta jefa iri ta rufe. "Amma rumbu na sa masa ƙofa da kwaɗo, makullin kuma ga shi nan a wuyana. Matsa gaba, ƙasa tana bushewa."

Ya ɗaga sungumi ya ci gaba da sara.

Shi ya sa, in za ku sayi mota ta hannu, ku sa a buɗe mata baki a duba, ku raba goro ko da siri-siri ne. In kuwa kun ji tana kuka alhali makulli yana aljihunku, kada ku tsaya neman bakanike, ku nemi ƙwarya.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege! Ba don Biri ya lashe ƙwaryar ba, da na kawo muku ku ɗanɗana.