Har Kogi ko Har da Kogi

A zamanin da, a wata ƙasa mai kogi ɗaya tal, Sarki ya rasu ya bar 'ya'ya biyu, Tunau da Jatau. Yana kan gargara ya yi wasiyya cewa Tunau ya hau gado, Jatau kuma a ba shi yankin gabas. Waziri Gwadabe, wanda ke durƙushe a gefen shimfiɗar, ya ji Sarkin ya ƙara da cewa, "Har kogi."

Da aka shiga fari, ruwa ya yi wuya, sai Jatau ya zuba mayaƙa a mashaya, ya hana mutanen yamma ɗiban ruwa. Hujjarsa ita ce Madaki Barmo ya rantse cewa marigayi "har da kogi" ya ce. Shanu suka fara faɗuwa, maƙera suka koma ƙirar masu.

Sarki Tunau ya tara fadawa, ya aika aka kira Jatau. Ya ce, "Tsakanin Waziri da Madaki akwai maƙaryaci. A yau zan san shi, kuma rawaninsa ba zai kwana a kansa ba."

Waziri ba shi da shaida sai kunnensa. Ya nisa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, Madaki ya faɗa mana inda ya tsaya ran nan."

Madaki ya ce, "A bakin ƙofa, kowa ya gan ni."

Waziri ya roƙa aka dunguma zuwa ɗakin marigayi. Ya kwanta a shimfiɗar, Sarki da Jatau suka zauna daf da kansa, Madaki ya tsaya a ƙofa. Waziri ya yi magana ƙasa-ƙasa da muryar majinyaci, sannan Sarki ya tambayi Madaki me ya ji.

Madaki ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa ya yi har da kogi."

Jatau ya miƙe zumbur. "Abin da Waziri ya ce shi ne, 'har ga Allah ƙarya kake yi'! Ashe a kan zancenka na kusa zubar da jinin ɗan'uwana?"

Nan take aka tuɓe Madaki, aka fitar da shi daga ƙasar. Jatau ya faɗi gaban yayansa ya nemi gafara, ya aika a janye mayaƙa. Sarki ya yi shela cewa gabas har kogi, yamma har kogi, ruwa kuwa na kowa ne. Kafin la'asar, mutanen yamma sun gangara da shanunsu mashaya.