Jar Rigar Mai Jifa

Ranar Asabar, 17 ga watan Agusta, 2019, gari ya waye da zafi mai ɗanko a Bellfork ta jihar Mississippi. Babu iska, babu alamar hadari. Tun kafin rana ta ɗaga, rigar Koci Royce Tullis ta manne masa a baya.

Tullis shi ne sabon kocin ƙwallon Amurka a Kwalejin Bellfork. Mutum ne mai ƙwazo wanda ya san aikinsa, amma yana da aibi guda: ba ya jure a yi masa dariya. Idan aka taɓa girmansa a gaban mutane, sai ya mayar da martani nan take, ko da abin zai cuce shi.

Ƙungiyar da ya gada tana cikin mawuyacin hali. A bara wasa ɗaya kacal ta ci. Jaridar garin ta sa ta a ƙarshen jeri a hasashenta na kakar wasannin da za a shiga. Hukumar kwalejin kuma ta faɗa ba ɓoye-ɓoye: idan ba a ci rabin wasannin bana ba, za a rufe ƙungiyar, yaran da ke karatu kyauta albarkacin ƙwallo su san inda za su nufa.

Fatan kowa yana kan hannun yaro guda, Cordell Banks, mai jifa, wato wanda ke jefa wa abokan wasansa ƙwallo. Idan ya saki ƙwallo, tana tafiya kamar an ja mata zare. Mai maye gurbinsa kuwa ɗan shekarar farko ne a kwalejin da bai gama haddace dabarun wasa ba. Shi ya sa a duk atisaye Cordell yake sa jar riga a kan kayansa. Kowa ya san dokar: mai jar riga ana iya bin sa da gudu, ana iya tsorata shi, amma ba a taɓa shi.

A ranar ne ake buɗe atisaye ga tsofaffin ɗalibai da masu ba ƙungiya gudummawa. An kafa rumfa a gefen fili, ana soya tarwaɗa, ana zuba shayi mai ƙanƙara. A gaban rumfar Harlan Gatlin ya tsaya, dillalin motoci, tsohon ɗan wasan kwalejin, kuma ɗan hukumar da za ta yanke hukunci.

Aka fara wasan gwaji. Cordell ya yi jifa biyu masu kyau. Masu tsaro sukan taso masa da gudu, da sun iso sai su kauce, su wuce. Gatlin ya goge maiƙon bakinsa, ya ɗaga murya.

"Koci! Wancan mai jar rigar ɗan wasa ne ko amarya? In aiko masa da lema?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Tullis ya yi kamar bai ji ba, amma wuyansa ya yi ja.

"A zamaninmu," in ji Gatlin, "na buga wasa da karyayyen hanci, uwata tana tafa mini. Yanzu an kawo mana ƙwai a cikin auduga. Ka ce da wannan za ka ci rabin wasanni? To, Allah ya ba da sa'a!"

Tullis ya busa usur.

"Banks! Zo nan. Cire rigar nan."

Cordell ya tura hular kwanonsa baya. "In cire, Koci?"

"Da wani yare na faɗa?"

"A'a, yallaɓai."

Dewitt Pruitt, dattijon da ke horar da masu tsaro, ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya don kada yara su ji.

"Royce, yi haƙuri ka bar masa rigarsa. Harlan bakinsa ne kawai. Ni na ga wasansa, rabin rayuwarsa a benci ya yi."

"Zan nuna masa ba 'yan tsana nake horarwa ba."

"Ka nuna masa a wasan farko mana. Kwana nawa ya rage? Yarana tun bazara suke jin yunwar su kayar da mutum. Idan ka sake su, ba zan iya riƙe su ba."

"Ban ce ka riƙe su ba, Dewitt. Koma wurinka."

Cordell ya miƙa rigar. Tullis ya jefa ta kan benci, ya juya ga masu tsaro. "Yanzu kowa nama ne. Wanda ya kauce masa, zai zagaye filin nan har magariba."

Quentrell Mosley, ƙaton da ya fi kowa ƙarfi a cikinsu, kuma abokin ɗakin Cordell, ya leƙo ta cikin hularsa. "Ɗan'uwa, ka gudu fa. Ba na son in yi wa mahaifiyarka Mama Odessa bayani."

"Ka fara kama ni tukuna, buhun dankali," in ji Cordell.

Aka koma wasa. A karon farko Cordell ya saki ƙwallo kafin a iso shi. A na biyu ya zille, ya yi gudu, ya fice gefen fili. A na uku aka kayar da shi, sai ya miƙe yana kakkaɓe ciyawa. Gatlin ya shiga tafi.

"Yauwa! Yanzu na ga ƙwallo!"

Pruitt ya sake matsowa. "Ya isa haka. Ka ci, ya tafa maka. Mayar masa da rigarsa."

Tullis ya dubi benci, ya dubi rumfa. Daɗin tafin bai sake shi ba.

"Ɗaya kawai," ya ce.

Aka miƙa wa Cordell ƙwallo. Ya ja baya yana neman wanda zai jefa wa. Mai tare masa hagu ya zame a kan ciyawa. Mosley ya shigo ta inda Cordell ba ya gani, ya yi ƙoƙarin rage gudu, amma jiki irin nasa ba ya tsayawa farat ɗaya. Suka faɗi tare, kafaɗar Cordell ta dama a ƙasa. Har a rumfa aka ji ƙarar.

Mosley ya cire hularsa yana ihu a kawo taimako. Cordell bai yi kuka ba, sai haƙoransa da ya datse. Tullis ya tsaya cak, usur a hannu. A bayansa ya ji muryar Gatlin, wannan karon a hankali, yana tambayar na kusa da shi:

"Wane irin koci ne zai bari a taɓa mai jifansa a atisaye?"

A asibiti likita ya ce ƙashin kafaɗa ya karye, jijiya ta yage, sai an yi aiki, kuma babu batun wasa a bana. Da la'asar mahaifiyar yaron, Odessa Banks, ta iso da kayan aikinta a jiki. Ta tarar da Tullis a bakin ɗakin.

"Koci, wace makaranta kuka kara da ita? Na ɗauka ba a fara ba."

"Ba a fara ba, ranki ya daɗe. A atisaye ne."

Ta dube shi. "Ina jar rigarsa take?"

Ba ta jira amsar Tullis ba. Ta ratse shi ta shiga wurin ɗanta.

Kakar ta zo ta wuce yadda jarida ta yi hasashe. Ɗan shekarar farkon ya yi iya ƙoƙarinsa, aka ci wasa biyu. Mosley bai ƙara kayar da kowa da zuciya ɗaya ba. A watan Disamba hukuma ta zauna, ta rufe ƙungiyar, kuma Gatlin yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu a rufe ta. Wasu yaran suka sami gurbi a wasu makarantu. Da yawa suka koma gida. Cordell, wanda har lokacin ba ya iya ɗaga hannunsa sama da kai, yana cikinsu.

Tullis ya yi ta fara rubuta wa Odessa wasiƙa yana yagewa, domin kowacce sai ta cika da sunan Gatlin, da zafin rana, da santsin ciyawa. Ranar da ya kwashe kayansa daga ofis, ya rubuta wadda babu sunan kowa a ciki sai nasa. Ya ce shi ya ba da umarni, an gargaɗe shi bai ji ba, kuma ba ya neman ta ba shi amsa. Ya tsaya a gidan waya a kan hanyarsa ta barin garin, ya jefa ta cikin akwati.

Darasin wannan labari shi ne: duk wanda aka damƙa wa amanar mutane, kada ya bari gorin mai kallo ya yanke masa hukunci. Mai zuga ba ya ɗaukar nauyin komai, kuma shi ne kan fara zarginka idan abin ya ɓaci. Dokar da ka tarar tana kare wani, ka tambayi dalilinta kafin ka ture ta. Haƙurin ɗan lokaci a kan dariyar mutane ya fi sauƙi nesa ba kusa ba da neman gafarar uwar da ka karya wa ɗa.