Dalilin da Ya Sa Rema Ba Ya Haɗa Ido da Mutum

Dalilin da ya sa rema ba ya haɗa ido da mutum babban al'amari ne, yara, masana sun daɗe suna bincike a kansa. Masanan su biyu ne, ɗayan ma barci ya ɗauke shi. Ga abin da wanda bai yi barcin ba ya ce.

A da, rema ba ɗan ɓoyo ba ne a kogon dutse kamar yadda kuka san shi. Shi ne jagoran fatake masu ƙetare duwatsu, tafiyar kwana tara. Sana'arsa duban sama. In ya ce za a yi ruwa, akan yi, musamman da damina.

Wata shekara, gero ya nuna, damina tana haramar tafiya, sai Madugu Jatau ya zo da ayarin gishiri.

"Malam Rema, mu ɗauki kabido?" in ji Madugu, yana nuna tarin rigunan kaba na kare ruwa.

Rema ya dubi sama ya daɗe, don ya ga ana kallonsa. "Ruwa ya ɗauke. Ku bar su, nauyi ne kawai."

Inna Kande, yayar Madugu, ta ce, "Ɗan nan, gwiwata fa tana ciwo."

"Inna, da gwiwa ake duba, da raƙumi ne jagora."

Aka yi dariya. Rema ya fi kowa. Tsohuwa dai ta naɗe kabidonta ta ɗora bisa kaya.

Kwana huɗu rana tas. Ran na biyar suna can ƙololuwa, inda ba itace ba bukka, bayan azahar iska ta yi sanyi. Gajimare ya taso daga ƙasansu, yana hawowa kamar shi ma ɗan ayari ne.

"Malam, wannan fa?" in ji Madugu.

"Wucewa zai yi."

Ya wuce ɗin, bayan la'asar. Kafin nan ya sauke ruwa, ya bi da ƙanƙara. Rema yana tsaye yana kallon gishirin mutane na shekara guda yana narkewa yana gangarawa tsakanin duwatsu. Haƙoransa na kaɗawa, ya jira zagi. Da an zage shi, da ya samu abin riƙewa. Kowa ya juya kan kayansa. Madugu ma jakinsa yake shafawa.

Sai ya ji an lulluɓe shi. Inna Kande ce ta yaye kabido daga kan nata gishirin.

"Rufa, ɗan nan, kada sanyi ya kama ka. Gobe ma kai za ka duba mana."

Da gaske take, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ga buhunta yana lanƙwashewa a hankali. Ya ce zai zaga bayan dutse ya dawo. Ya samu wani tsagi ya shige. Suka yi ta kira, yana ji, har suka gaji suka bi gwiwar Inna suka sauka lafiya.

Shi ya sa har yau, in gari ya waye, rema yakan fito kan dutse ya dubi sama, don hali ba ya barin mai shi. Amma da ya hango mutum sai ya faɗa kogo, kada a tambaye shi ko za a yi ruwa. Tun daga ranar ba wanda ya tambaye shi.