Dakuwar Nomau da Kazar Iya Gwamma

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kakannin kakanninmu, sunansa Nomau. Gyartai ne, ɗinkin fasasshiyar ƙwarya shi ne abincinsa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko masallaci ya shigo can sahun baya yake rakuɓewa kusa da takalma. Amma ku saurara, jama'a, ku ji abin da Allah ya sanar da wannan bawa nasa ta dalilin dakuwa.

Matarsa Tabawa gwanar dakuwa ce. Duk jajibirin Sallah sai ta soya aya da gyaɗa, ta daka su da citta da ɗan barkono da mazarƙwaila har su kama jikinsu, ta dunƙula, ta kai gidaje huɗu a unguwar, gidajen da ta san ranar Sallah ba a ɗora tukunyar kirki. Nomau bai taɓa kula da yadda take yi ba. Shi dai a ajiye masa tasa, ya ci, ya lashe yatsa, ya ce Allah ya yi albarka. Kun dai san halinmu, mu maza.

Ana nan, cikin watan Sha'aban, ciwon ajali ya kama Tabawa. Ta kira shi ta ce, "Malam, alfarma ɗaya nake roƙo. Gidajen nan huɗu, kada Sallah ta wuce 'ya'yansu ba su lasa zaƙi ba. Musamman gidan Iya Gwamma." Iya Gwamma tsohuwa ce, ɗanta ya rasu ya bar mata jikoki uku.

Nomau ya ce, "Na ɗauka, Tabawa. Na ɗauka."

Faɗa da baki ba wuya. Ranar jajibiri ta zo, bawan Allah ya jawo turmi tsakar gida ya kama luguden da bai iya ba. Maƙwabta suka ji daka a gidan da babu mace, suka yi ta leƙe ta kan danga. Wanzamin unguwar, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya ce, "Nomau, saura ɗaurin zane!"

Nomau ya share gumi ya ce, "In zanen zai sa ta daku, a miƙo."

Ya daka, ya daka, ya daka, har tafin hannunsa ya yi bororo. Da ya gama dunƙulawa sai ya ce a ransa, abin da aka yi da sunan Tabawa ba zai fita a wulaƙance ba. Ya zaɓo ƙore huɗu mafi kyau a ɗakinsa, masu zane, ya zuba, ya rufe da sababbin faya-fayi. Ana saukowa daga Idi ya kai da kansa, gida-gida, yana murna ya cika alkawari.

To, ku saurara. A garin nan, kamar yadda yake a namu, ƙwaryar Sallah ba ta komawa gidansu wayam. Gidaje uku suka maido nasu, wannan da ɗan gero, wannan da kuka, wancan da busasshiyar kuɓewa. Nomau ya karɓa ya yi godiya, bai ko tambayi kansa inda suka samo ba. Gidan Iya Gwamma kuwa shiru. Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru. Tsohuwar da kullum in za ta rijiya sai ta tsaya sun gaisa, yanzu ta wani lungu take zagayawa.

Wanzami ya ce, "Ƙwarya ta yi kyau, tsohuwa ta ci gado tun kana raye."

Nomau ya ce, "Kul, kada ka ƙara. Ƙwarya duma ce kawai, Iya kuwa uwa ce." Amma abin ya dame shi ƙwarai. Ba ƙwaryar ba, a'a. Tsoro yake ji kada zumuncin da matarsa ta yi shekaru tana rainonsa ya mutu a hannunsa tun Sallar farko.

Rana ta uku da hantsi sai ga sallama. Iya Gwamma ce, da kaza a hammata, idonta a ƙasa. Ta ce, "Nomau, taimaka ka yanka mini."

Duk unguwar an san kazar nan. Ita kaɗai gare ta, ƙwanta ne gishirin gidan, ƙwanta ne man miya. Nomau ya ɗauko wuƙa ya wasa, ya fuskanci alƙibla, ya taka fikafikan. Har ya kama wuyan, sai Allah ya jefa masa tambaya a baki.

"Iya, baƙi kika yi?"

Ta kau da kai gefe.

"Ko wani cikin yaran ne ba lafiya?"

"Yanka dai, ɗan nan."

Ya janye wuƙar ya ce, "Ki gafarce ni, Iya, ba zan yanka ba sai na ji dalili."

Sai tsohuwa ta fashe da kuka. Ta ce, "Ƙwaryarka ce. Kwana uku tana kallona ina kallonta. Na duba rumbu, na duba tukunya, babu abin da zan sa in maido maka da ita. Ina zan kai wannan kunya? Na ce bari in soya kazar in zuba."

Nomau ya ajiye wuƙar. Ya ce, "To Iya, da can yaya kuke yi da Tabawa?"

Ta ce, "Ashe ba ka sani ba? Tabawa ba ta taɓa kawo mini abu a ƙwarya ba. Ana saura kwana biyu Sallah za ta shigo ta ce, 'Iya, ki taimake ni da ganyen kalgon nan na bayan ɗakinki, ba ni da abin ƙunshi.' In tsinko mata, ta yi ta godiya kamar na ba ta saniya. A cikin ganyen take ƙunso dakuwar ta kai kowane gida. Ganye kuwa wa ke maido shi? A ci, a yar, ba wanda ya ji nauyin wani."

Allahu Akbar! Shekara ashirin yana zaune da matar nan, sai ranar ya san ta. Ya tuna geron da aka maido masa ya sha kununsa, ya gane mai yiwuwa tuwon daren wasu yara ne ya shanye. Ya ɗage ƙafarsa, kaza ta yi fur ta haye danga. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yafe mini. Rashin sani ya fi dare duhu."

Ta ce, "Ba ka yi mini komai ba sai alheri. Amma ƙwaryar fa?"

"Kalgon yana nan?"

"Ina za shi?"

"To ki riƙe ƙwaryar. Babbar Sallah na tafe, ni kuwa ban san ganyen da ake tsinka ba. Ranar ki ciko mini ita taf da ganyen."

Tsohuwa ta goge ido da gefen mayafi, har da dariya. Ta ce, "In haka ne ka kawo ayar ma in rege maka tsakuwar. Ta bana, Allah ya ba ka lada, amma saura ƙiris in rasa haƙorin da ya rage mini."

Nomau ya yi dariya hawaye na zuba. Ya gode wa Allah da ya riƙe masa hannu kafin wuƙa ta sauka, ya yi wa Tabawa addu'a, ita da take kwance a kabari amma ba ta daina koya masa ba. An ce har ya bar duniya gidajen nan huɗu ba su yi Sallah ba dakuwa ba, kuma babu wanda ya ƙara sauya hanya don gudun haɗuwa da shi.

Jama'a, kyauta ba ta cika sai an rufa wa mai karɓa asiri. Bayarwa kowa ya iya, amma bayarwar da ba ta bar wa mutum kunya a ɗaki ba, wannan sai wanda Allah ya so. Ga Sallah nan ta ƙarato, gidajenmu za su cika da ƙamshin cincin da alkaki da dubulan. Kafin ki zuba a kular nan taki mai tsada, Hajiya, tsaya ki tuna gidan da za ta shiga: suna da abin maidowa? In babu, ƙunsa a takarda. Nemi wata 'yar alfarma a wurinsu tukuna, su ma su ji suna da abin bayarwa. Ku kuma maza, ku leƙa madafa ku ga abin da ake yi da sunan gidanku, ku ce an gode tun mai yin tana jin ku.

Allah ya sa alherinmu kada ya zame wa kowa kaya, ya jiƙan iyayenmu mata da suka rufa asirin maƙwabta ba tare da mun sani ba. Ku ce amin.