Sabon Injin Doyle da Zumar Nadine

Akwai wani mutum a nan tsaunukanmu na West Virginia mai suna Doyle Pruitt. Mutumin kirki ne, ba ya rowa, ba ya cin amana. Aibinsa ɗaya ne: in ya riƙe sifana a hannu, to duk duniya babu wanda ya kai shi sani.

Doyle yana da wata tsohuwar mota ja, irin masu dogon hanci da faɗin ƙirji ɗin nan da aka ƙera tun yana ɗan makaranta. Jikinta lafiya lau, amma injin ya tsufa tukuf, tari kawai yake yi yana tofar da baƙin mai.

Sai Doyle ya samo injin wata sabuwar mota da ta yi hatsari. Ya kawo shi gida, ya rataya sarƙa a reshen bishiyar bayan gareji, ya ce da hannunsa zai yi dashen.

Aiki ya ci lokacin sanyi, ya ci bazara. Wayoyin inji suka mamaye teburin cin abinci, ƙusoshi suka koma cikin kwanukan miya. Matarsa Nadine ta yi ta haƙuri, domin ya yi mata alkawari.

"Ranar bikin kaka, a motar nan zan kai ki ke da zumarki," in ji shi. "Sai kowa ya miƙe tsaye."

Ita Nadine kiwon ƙudan zuma take yi. Duk abin da ta tara a shekara, a kwalabe take zubawa, ta kai bikin kaka da ake yi a garin da ke gindin dutse. Can take sayarwa, can take shiga gasa. Wahalarta ta shekara guda kenan, kuma ba ta wasa da ita.

Ana saura 'yan kwanaki biki, Doyle ya tara maƙwabta don su ji tashin inji. Aka gasa nama, aka zuba shayi mai ƙanƙara. Ya murɗa makulli.

Jama'a, ƙara! Karnuka suka arce, kaji suka haye katanga, tagogin gida suka ɗauki rawa. Maza suka yi ta ihu suna bubbuga kafaɗar Doyle. Shi kuwa baki har kunne.

Mutum ɗaya ne bai leƙa cikin bonet ba. Virgil, yayan Nadine, tsohon direban motar kwal. Shi tsugunawa ya yi a gefen taya yana leƙe.

"Tsoho, inji yana nan sama," in ji Doyle. "Me kake nema a ƙasa? Haƙoranka ne suka faɗi?"

"Abin da zai tsayar da shi nake nema," in ji Virgil. "Ban gan shi ba."

Ya miƙe da ƙyar yana kaɗe gwiwa.

"Ka ninka wa motar nan ƙarfi, ka bar ta da birkin zamanin kakanka. Irin wannan in ya ɗauki zafi, sallama yake yi. Akwai na zamani mai faifai a rumfata, sabo fil a kwali. Zo ka ɗauka kyauta. Ka bar bikin bana ya wuce, mu sa mata a tsanake."

"In bar biki ya wuce?" Doyle ya juya wajen maƙwabta. "Ku ji fa! Mutumin da kunkuru ke yi wa akori-kurarsa hon, shi zai koya mini mota!"

Aka fashe da dariya. Virgil ma ya ɗan murmusa, ya ɗauki tsokar namansa ya ci gaba da ci.

Nadine ta matso ta rage murya. "Doyle, ka ji maganar Yaya mana."

"Haba Nadine. Birkin nan yake tsayar da motar nan tun kafin in aure ki. Yau ne zai manta aikinsa?"

To, wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ranar biki da hantsi suka jera akwatunan zuma a but ɗin mota. Kwalba ɗaya, wadda za ta shiga gasa, Nadine ta naɗe ta da tawul ta rungume a cinya.

Hanyar nan kuwa gangara ce zalla, kwana bayan kwana, dama dutse, hagu kwari. Doyle ya ji daɗin duniya. In hanya ta miƙe ya taka totur, mota ta zabura kamar an tsikari doki. In kwana ta zo ya danne birki.

"Kin ji ko? Kin ji yadda take numfashi?"

"Na ji. Ina kuma jin ƙauri."

"Sabon fenti ne."

Ba fenti ba ne. A kwana ta gaba ya taka birki, sai ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka tuwo. Ya sake takawa. Ya ja na hannu. Motar ko a jikinta.

Gumi ya keto masa. A ƙarshen gangaren akwai gada, bayan gada filin biki ne, inda yara ke tsallaka titi da alewa a hannu. Doyle ya san wannan sarai.

"Nadine," ya ce, muryarsa ta koma ta ɗan yaro, "riƙe kujera."

"Ya Ubangiji! Doyle!"

Suka sha wata kwana taya na kuka. Sai ga wata tsohuwar akori-kura mai ruwan toka ta fito daga gefen hanya, ta shiga gabansu. Ta Virgil ce.

Doyle ya danna hon kamar zai fasa shi. Virgil bai kauce ba. Ya dubi madubi, ya ƙara wuta, irin gudun da ba a taɓa ganin motar nan ta yi ba, har tazararsu ta daina raguwa da sauri. Sannan ya miƙo hannu ta taga ya yi alamar "taho".

Gaf! Hancin jar motar ya daki bambar akori-kura. Daga but aka ji ratsatsatsa, ƙarar da ta shiga har cikin zuciyar Nadine.

Virgil ya fara taka birkinsa kaɗan-kaɗan, yana saki yana takawa, jar motar manne a bayansa. Haka ya ja su, kwana ɗaya, kwana biyu, har ya kai su kan ciyawar gefen titi. Suka tsaya cak, suna hango gada.

Kun san abin da Doyle ya fara yi da ya fito? Abin kunya, gaban mota ya ruga. Fitila ta fashe, bamba ta lotse, bonet ya yi baki kamar na agwagwa. Ya dafe kai.

Virgil ya sauko yana ɗingishi, da kofin kofi a hannu, rabi ya zube masa a riga.

"Kai ba ka ce da sassafe za ka tafi ba?" in ji Doyle.

"Da sassafen na fito. Can na faka ina jiranka."

"Jirana? Ta yaya ka san..."

"Na san gangaren nan, na san birkin nan, na kuma san ka. Ƙanwata ce fa a ciki."

Sai a lokacin Doyle ya waiwaya.

Nadine ta buɗe but. Zuma tana tsiyaya ta ƙasan mota, tana bin kwalta a hankali. Akwatunan sun kife, kwalabe sun zama tsakuwa. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Tsintar gilashi kawai take yi ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a gefe.

Ya dubi hannuwanta. Duk tabon harbin ƙudan zuma ne, wani ma bai gama sacewa ba. Ya shekara yana kallon inji, bai taɓa lura da hannuwan nan ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Nadine, ni na jawo. An faɗa mini, na yi dariya. Na zubar miki da shekara guda a titi. Ki yafe mini."

Ta ɗago ta dube shi, ido jawur.

"Zuma dai ƙudan za su sake yin wata," ta ce. "Ni da kai fa, da yaran can na bakin gada? Wa zai sake yin mu?"

Doyle ya matso kusa da ita. Ya tsuguna ya taya ta tsintar gilashin, hawaye na ɗiga a kan zuma.

Da suka gama, ya je gaban Virgil ya cire hula.

"Yaya Virgil, rumfar taka a buɗe take gobe?"

Virgil ya dubi ƙanwarsa. "Kin ji? Yau na zama Yaya." Ya kurɓi sauran kofinsa. "Ka zo bayan an tashi daga coci. Amma yanzu gaban akori-kura na mutum biyu ne. Kai sai baya."

Nadine ta ɗauko kwalbar gasa daga kujera, ita kaɗai ta tsira. Ta miƙa wa mijinta.

"Riƙe. In ta fashe, kada ka dawo gida."

Haka Doyle Pruitt ya shiga bikin kaka na bana, zaune a bayan akori-kura tsakanin tayar safaya da buhun abincin kare, rungume da kwalba da hannu biyu. Mutane kuwa sun miƙe tsaye, ba ƙarya, suna tambayar ina jar motar.

Shi bai ma ji su ba. Duk sanda Virgil ya ɗan taɓa totur, sai ka ji ana ƙwanƙwasa gilashin baya.

"A hankali, Yaya! Don Allah a hankali!"

Darasi: Kafin ka ƙara wa kanka ƙarfi, ko na kuɗi, ko na mulki, ko na baki, fara tanadar abin da zai tsayar da kai. In ka ƙi, ba kai kaɗai za ka biya ba, har da waɗanda suka yarda suka shiga motarka. Kuma kada ka raina mai ce maka "dakata", wataƙila shi ne zai tare ka a gangara. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da inji babu birki.